Shimfiɗar Tebur Ta Ƙyallaye: Yadda Ake Zaɓen Ciko Da Shafi

Duk matar da ta taɓa kai ɗinkin salla wurin tela ta san buhun nan da ke jingine bayan keke, cike da ragowar atamfa da shadda. Da irin waɗannan ƙyallaye ake haɗa doguwar shimfiɗar nan siririya da ake ɗorawa a tsakiyar teburin falo, ko kan kabad ɗin jeren amarya, ko ƙarƙashin tiren shayi. Falle uku ake haɗawa: fuska, wadda ido ke gani, ciko, wanda ke tsakiya, da shafi, wanda ke kwance kan katako. Yawancinmu kan ƙarar da hankali wajen zaɓen launin fuska, ciko kuwa sai a aiki yaro ya sayo soso. Bayan wanki biyu shimfiɗa ta tattare ko ta yi ƙulli-ƙulli, a ɗora wa tela laifi. Shawarwarin nan na rubuta su ne da yanayin Tawa da ƙasar Adar a raina: ƙura kusan rabin shekara, zafin da ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, da ruwan wanki wanda gidaje da yawa saye suke yi jarka-jarka.

1. Ki fara sanin abin da za a ɗora mata. Shimfiɗar da za ta zauna ƙarƙashin kwanukan jere, ba mai taɓa ta sai ranar kakkaɓa, kusan kowane ciko zai yi mata. Wadda za a riƙa ɗora wa kular tuwo da kwanon miya dole ta jure wanki kowane mako. Wadda za ta karɓi butar shayi da aka sauke daga gawayi kuwa dole ta jure zafi. Kada ki yanka komai sai kin amsa wannan tambaya, don kowace amsa da cikonta.

2. Siriri ya fi mai kauri. Ido na son abu mai tudu da laushi, shi ya sa ake ruɗuwa. Amma shimfiɗar tebur ba bargo ba ce, aikinta ta kwanta lif abin da aka aza mata ya tsaya da gindinsa. Ga gwaji mai sauƙi tun a kasuwa: shimfiɗa cikon a kan benci, ki ɗora masa ƙaramin kofin shayi na gilashi, ki ɗan bugi bencin da hannu. In kofin ya yi rawa, cikon ya yi kauri. Ni dai ba na wuce rabin santimita, kuma sau da yawa abin da bai kai haka ba ya wadatar. Mai kauri yana haɗiye ƙura, yana shan ruwa da sabulu, yana kuma daɗewa bai bushe ba.

3. Mafi kyawun ciko yana cikin akwatinki: tsohon zane. Atamfar auduga da aka ɗaura shekara da shekaru ta riga ta gama duk tsukewar da za ta yi, rininta ya gama zuba, ta yi laushi har allura na ratsa ta ba gardama. Falle biyu ko uku nata a tsakiya sukan ba shimfiɗa nauyin da zai sa ta kwanta, kuma ba abin da zai dunƙule a ciki tunda saƙa ce, ba sakakkiyar auduga ba. Wannan dabara ba ta talauci ba ce. A Bangaladash da yankin Bengal na Indiya, mata sun yi ɗaruruwan shekaru suna jera tsofaffin tufafinsu falle-falle suna bi da ɗinkin hannu ƙanana, aikin da suke kira kantha, yau kuma ana sayar da shi da tsada a Turai da Amurka.

Sai dai ba kowane tsohon zane ke shiga ba. Ɗaga shi ki duba ta hasken rana. Inda haske ya ratso sosai, galibi wurin zama da wurin ɗauri, ya riga ya mutu, ki yanke ki zubar. Ja shi da hannu biyu. In ya yage ba wuya, ya zama tsumman goge-goge. Ki cire kalmasar baki da duk wani tsohon ɗinki, don za su yi tudu a ƙarƙashin kwano. In falle biyu za ki sa, ki jera ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wato tsawon wannan ya bi faɗin wancan, don kada shimfiɗar ta miƙe ta gefe guda. Wani abin da ake mantawa shi ne launi: in fuskar tana da fari ko ruwan ƙwai, zanen ciko mai duhu zai riƙa leƙowa ta ƙasa, musamman in ta jiƙe. A nan sai ki sa fallen fari tsakaninsu.

Zanen uwa ko na kaka da ya tsufa, wanda rai bai yarda a mai da shi tsumma ba, nan ne wurin da ya dace da shi.

4. Don abin zafi, ki nemi gwado ko tsohon tawul. Gwado da luru saƙar hannu ce ta zaren auduga mai kauri, kuma falle ɗaya nasu ya fi falle uku na atamfa tare zafi. Illarsu guda: ƙwarya-ƙwarya ake saƙa su a haɗa, wurin haɗin kuma yana da tudu. Ki yanka yadda haɗin zai bi tsawon shimfiɗar, ya faɗa daidai inda za ki bi da layin ɗinki. Tsohon tawul na auduga ma yana yi, yana kuma tsotse shayin da ya zube kafin ya kai katako, amma yana da nauyin wanki. Zanen gado mai ɗan gashi-gashi na auduga, irin wanda ake samu a gwanjo, shi ne tsaka-tsaki, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya na saye, shi zan ɗauka. Sakala da sauran bargunan ulu suna jure zafi ƙwarai, sai dai ruwan zafi na tsuke su, asu kuma na cin su a ajiya.

5. Sakakkiyar auduga tana da kyau, amma tana da sharuɗɗa. Kaɗa, wato auduga, ba baƙuwa ba ce a jiharmu. Tun kafin zuwan Turawa ake noma ta ana kaɗi ana saƙa, daga ƙarshen shekarun 1950 kuma kamfanin Faransa CFDT ya yaɗa nomanta a kwarin Majiya da kewaye, har aka kafa injin gurza a Madawa. Albasa ta karɓe filaye da yawa daga baya, amma har yanzu ana samun audugar katifa da matashi a kasuwa, kuma akwai tsofaffin da hannunsu bai manta gurza da shiɓa ba.

Sharaɗi na farko, a cire gurya tas. Ƙwaya ɗaya da ta saura za ta karya allurar keke, in ta fashe kuma manta zai fito ya yi tabo mai ruwan ƙasa a fuska wanda sabulu ba ya fitarwa, ga ɓeraye na bin ƙanshinta. Na biyu, a shiɓe ta ta tashi, a baza ta siririya daidai wa daida kan shafi; ki bi da tafin hannu, inda kika ji rami ki ƙara, inda kika ji tudu ki rage. Na uku shi ne wanda ake yawan karyawa: ɗinki ya zama kusa-kusa. Sakakkiyar auduga ba abin da ke riƙe ta sai zaren da kika ratsa ta da shi. In tazarar layukan ɗinki ta wuce faɗin yatsu uku, wato kamar santimita 5, wankin farko zai tara ta a kusurwoyi. In kin san ba ki da lokacin wannan ɗinki, ki koma ga tsohon zane.

Audugar da aka fitar daga tsohuwar katifa kada ta hau tebur. Ta sha gumi da ƙura na shekaru, ba kuma a iya wanke ta ta fita.

6. Audugar rimi da ta tumfafiya a bar wa matashin kai. Na san masu cewa ai da rimi kakanninmu suka cika lifidi, kuma gaskiya ne. Wanda ya ga ƴan lifidi a hawan salla a Kano ko Katsina ko Damagaram ya ga irin gwanintar da Hausawa suka kai a ɗinkin falle uku: doki da mahayi lulluɓe cikin riga mai ciko, an bi ta da ɗinki gida-gida don ta tare kibiya. Amma lifidi tudu ake nema da shi, kuma ba a wanke shi duk Juma'a. Zaren rimi santsi gare shi, ba ya kama juna, yana gudu a cikin yadi, ruwa ba ya shigarsa da sauƙi, in ya tsufa kuma ya zama gari. Mafi muni, tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya kama da wuta, ga shi kuwa teburin shayi ba ya rabuwa da gawayi. Tumfafiya, wadda ta cika fakon Adar, audugarta halinsu ɗaya da ta rimi, ƙari da cewa farin ruwan itacen yana yi wa ido mummunar illa. Kada a aiki yara tsinko ta.

7. Soso shi ne na ƙarshe a jerina. Yana da arha, yana da sauƙin yanka, ranar farko kuma shimfiɗar takan fito kamar ta kanti. Amma sosai zafin ɗakin kwano ke cin sa: ya yi ja, ya bushe, ya fara marmashewa a cikin yadin, ki ɗaga shimfiɗa ki ga gari a kan tebur. Buta mai zafi tana barin masa rami da ba ya cikowa, in wuta ta kama shi kuma hayaƙinsa guba ne. Farin cikon roba mai kama da auduga, wanda ake sayarwa a naɗe ana aunawa da mita, ya fi soso nesa ba kusa ba. Ba ya tsukewa, ba ya dunƙulewa, yana bushewa da wuri, kuma ana iya ba layukan ɗinkinsa tazarar santimita 10. Ga shimfiɗar ado ta kan kabad ba ni da ja a kansa, in dai an zaɓi mafi siriri. Sai dai polista ne, polista kuwa yana narkewa a wajen digiri 250, yana kuma lanƙwamewa tun kafin nan. Gindin tukunyar da ta sauka daga wuta, ko dutsen guga na gawayi, zai iya lalata shi ta cikin fuska ba ki gani ba. Manyan bargunan nan masu gashi da ƴan ci-rani kan kawo tsaraba daga Libiya da Aljeriya su ma roba ne, kuma sun yi kauri da yawa.

8. In kina shakka, ashana za ta raba gardama. Yau atamfa da yawa a kasuwa roba ce ko gauraye, ko da zanenta ya yi kama da na Holan ko na Kodebuwa. Ki ce wa mai yadi, "Alhaji, a ɗan tsarge mini bakin nan in gwada," mai gaskiya ba zai hana ba. A gida, a tsakar gida nesa da yara, ki riƙe ɗan ƙyallen da cokali mai yatsu ki kunna masa wuta, da kwanon ruwa a kusa. Auduga takan ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Roba takan janye daga wutar, ta narke, ta bar baƙin ƙullutu mai tauri. Ulu yakan yi warin ƙonannen gashi ya mutu da kansa. In ya ci kamar auduga amma ya bar ɗan tauri a baki, gauraye ne.

9. Abubuwa uku kada su shiga ko da kyauta ne. Tsohon gidan sauro irin wanda ake rabawa a likita, domin an jiƙa zarensa da maganin kashe sauro, bai kuwa kamata ya kusanci abinci ba. Buhun takin zamani ko na irin shuka mai magani, saboda wannan dalili. Sai leda, wadda wasu ke sawa a tsakiya don kada ruwa ya ratsa: allura ta riga ta huda ta, ruwan yana shiga ya kasa fita, da damina sai wari da baƙin tabo. In tebur kike son karewa, ki shimfiɗa ledar daban a ƙarƙashi.

10. Kayan gwanjo sai an yi musu tarba. Zanen gado da tawul na gwanjo sukan fi sababbin kasuwa ingancin auduga, shi ya sa nake yawan tura mata can ranar Lahadi, ranar da kasuwar Tawa ke cika. Amma kafin su shiga ɗaki, a wanke su da ruwan zafi sosai, a shanya, sannan a ƙulle su cikin baƙar leda a bar su a rana tsaka wuni guda. Ranar bazararmu tana taimakawa wajen kashe kuɗin cizo da ƙwayayensu. Lokacin sanyi kuwa a bi su da guga mai zafi, musamman wurin ɗinki.

11. Shafi ya zama auduga mai ɗan kaushi. Aikinsa ya kama katako kada shimfiɗa ta zame lokacin da yaro ya ja bakinta. Yadin shafin riguna mai sheƙi da santsi, wanda teloli suka saba sawa a kayan mata, bai dace da nan ba, kuma shi tela zai ɗauko in ba ki yi magana ba. Akoko ya fi komai: yana da ƙarfi, yana da arha, yana ƙara laushi da wanki. Alawayyo ma yana yi. Amma fari fat ba ya daɗewa da jar ƙasarmu, don haka in kina da fallen atamfa mai ƙananan zane da matsakaicin launi, ki sa shi. Kin samu shimfiɗa mai fuska biyu ke nan, ranar baƙi ki juya.

Ki kula da rini. Alasho da turkuɗi, baƙin yadin nan mai ƙyalli da ake rinawa a Kura ta Kano wanda ƴan'uwanmu Buzaye ke naɗawa, an yi shi ne don ya zuba, yana barin shuni a fata ma balle a kan farin tebur. Shaddar da aka rina ja ko kore, da jar fatar dukawa da wasu ke son yi wa baki ado da ita, su ma suna zuba in sun jiƙe. Gwajinsu: jiƙa farin ƙyalle, ki goga da ƙarfi a kai. In ya ɗauki launi, wannan yadi ba ya shafi, ba ya kuma zama kusa da fari a fuska.

12. Wanke duka ukun kafin almakashi ya taɓa su. Sabuwar auduga tana tsukewa da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, akoko yakan wuce haka. A shimfiɗa mai tsawon santimita 150, wannan ya kai santimita 4 da rabi zuwa 7 da rabi. In fuska sabuwa ce, ciko tsoho, shafi kuma akoko, kowanne zai tsuke da nasa gwargwado, shi ne tattarewar da guga ba ta gyarawa. Wankin yana kuma fitar da sitacin da ke sa sabon yadi ya yi kamar mai kauri alhali ba shi da shi. A jiƙa, a wanke, a shanya a inuwa, a goge, sannan a auna. Ƙananan ƙyallaye a zuba su cikin tsohuwar rigar matashi a ɗaure baki, don kada su tsiyaye.

13. Awo da haɗi. Faɗin shimfiɗa yakan yi kyau in ya kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin tebur, galibi santimita 30 zuwa 40. In za ta sauko ta gefe, santimita 15 kowane ɓangare ya isa, amma gidan da ke da mai rarrafe gara ta tsaya daidai bakin tebur. Falle ɗaya na atamfa, wato kashi ɗaya cikin uku na turmi, yana da tsawon yadi biyu, kusan santimita 180, faɗinsa kuma zai ba ki shafin shimfiɗa biyu har da ragowar baki. Ki yanka ciko da shafi su ɗara fuska da santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe, don ɗinki yana jan su ciki. A datse daga baya.

Shimfiɗa shafi a kan tabarma mai kyau, bayansa na kallon sama, ki ja shi ya miƙe, ki ɗora ciko, ki ɗora fuska. Kama su da manyan ɗinkin hannu da zare mai launi dabam, daga tsakiya zuwa baki, yadda za ki zare daga baya. Ɗinkin gaske ma daga tsakiya ake farawa, kuma duk layukan su bi hanya ɗaya. In kika je kika dawo, yadin zai murɗe. A keke, ki ƙara tsawon taku zuwa milimita 3, ki sa sabuwar allura. Farin ƙyallen nan mai danƙo da teloli ke mannawa a wuyan riga da guga yana taimaka wa fuskar da aka haɗa da ƙyallaye masu laushi, amma shi ba ciko ba ne, kuma yakan saki ya yi kumfa-kumfa bayan wanki da yawa.

14. In tela za ki kai wa, ki kai da kayanki a wanke, ki kuma yi magana a fili: "Malam, ga ciko ga shafi na kawo, don Allah kada a sa mini soso, tazarar layin ɗinki kuma kada ta wuce yatsu uku." Ki kai bayan salla, ba cikin azumi ba, lokacin da keke ba ya hutawa kuma ba mai haƙurin ɗinki kusa-kusa. Ki sani aikin ya fi na kalmasa cin lokaci da zare, a yi ciniki a kan haka tun farko.

15. Kafin babbar, ki ɗinka ƙarama. Haɗa falle ukun a murabba'i mai santimita 20, ki ɗinke, ki auna, ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke babbar, ki shanya, ki sake aunawa. Ɗora masa butar shayi mai zafi minti biyar, ki ɗaga ki taɓa katakon da ke ƙasa. In ya tattare, ko launi ya zuba, ko katakon ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ki canja ciko ko ki ƙara falle tun asarar ba ta wuce tafin hannu ba. In ya fito lafiya, ki yi masa baki ki rataye kusa da murhu, ya zama abin sauke tukunya.